Gwangwanin Baba Sumana

Duk ɗan sitaj irinku mai koyon aiki da aka turo mini, ranar farko sai ya kalli na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, ya yi murmushi. A ɗaura wa mutum ɗamara a damtse, a danna maɓalli, na'ura ta yi gurnani, lamba ta fito. Jiya ma wata yarinya ta ce mini, “Tanti, ai wannan ko ƙanena ɗan lakwal zai iya.” Na ce mata zai iya, don ni ma da na fara ban fi ƙanen nata ɗan makaranta hankali ba. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, na faɗi jarrabawa faɗuwar da aka ji ƙararta tun daga Boukoki har Maraɗi. Mahaifina ma'aikacin buro ne, wato ofis, ba ya son ganin mutum zaune. Ya kama hannuna ya kai ni wata ƙaramar likita, wato ƙaramin asibiti, a Kalley, ya damƙa ni ga Majo Abdu, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce a gwada ko kan nan zai ɗauki wani abu ban da surutu.

Majo Abdu Ba'adare ne daga Tawa, dogo, siriri, maganar da yake yi a yini ba ta kai wadda nake yi kafin in wanke fuska ba. Wata uku na yi ina dafa sirinjin gilashi a tukunya, ina yanka auduga, ina share ɗakin awo, kafin ya bar ni in taɓa abin awon, tansiyometir. Guda ɗaya tak muke da shi. Ɗamararsa ta koɗe, an yi mata ɗinki ya fi na rigar mahaukaci. Ƙwallon robar da ake matsawa ya tsage sau uku, sau uku mai gyaran keke na bakin titi yana liƙe mana shi da facin taya. Agogon lambar kuma sai an ɗan ƙwanƙwasa shi da farce tsinkensa yake farkawa. Majo yana ajiye shi a cikin akwatin katako, yana ɗauko shi da hannu biyu kamar jaririn da bai yi suna ba.

Mutum na farko da na auna shi ne Majo da kansa. Ya miƙo hannu, ya sa mini abin saurare a kunne, ya ce in hura har bugun ya ɓace, in saki iska a hankali, in kama lambar da bugun ya dawo da lambar da ya sake ɓacewa. Na saurara, na ji kukan jarirai, na ji mai tallan ƙosai, na ji cikina yana neman ƙosan, ban ji bugun komai ba. Na ce masa sha biyu, don na ji ana yawan faɗin sha biyu. Ya ce in sake. Ranar nan na matsa hannun bawan Allah har na ɗauka zai tsinke ya faɗo mini a cinya. Da la'asar na ji shi, tif, tif, tif, can ƙasa kamar ana daka a unguwar da ke bayan taku. Majo ya ce, “Kin ji?” Na ce na ji. Ya ce to gobe in zo da wuri. Iyakar yabon da na samu ke nan a shekarar farko.

Zuwa da wuri kuwa ba shawara ba ce a zamanin. Soja ke mulki, kuma ana iya wayar gari a ga mota ta tsaya a ƙofar buro ƙarfe bakwai da rabi, a rufe ƙofa, a duba wa ya zo wa bai zo ba. Na sha yin gudu daga Boukoki da kallabi a hannu. Wata rana wani ajidan na soja ya shigo da kakinsa ya ce a auna shi. Na auna, na ga sha takwas. Na kalli takalminsa, na kalli bindigar ƙugunsa, na ce a raina wannan lambar ba daga bakina za ta fito ba. Na fara lissafin ko in rage masa huɗu don zaman lafiya. Majo ya leƙo ta saman kaina ya karanta lambar da ƙarfi, ya ce wa ajidan ya zauna a benci tare da talakawa minti goma a sake. Kuma ya zauna, tsakanin wata tsohuwa mai tari da wani mai kumburin ƙafa, hularsa bisa gwiwa.

Wannan ita ce dokar Majo, kuma a kanta labarina yake: ba a auna mutum sau ɗaya. Ya shigo, a auna shi, ya zauna a benci minti goma, a sake aunawa, ta biyun ake rubutawa a karne, ɗan littafin da kowane majinyaci yake riƙewa. Dalilin ba wani asiri ba ne. Mutum ya taho a ƙasa ko bisa keke cikin rana, ga tsoron farar riga, dole jininsa ya hau. In ya huta sai ya sauka zuwa inda yake da gaskiya. Saboda haka kusan kullum lamba ta biyu ba ta kai ta farko. Ni na san dalili. Masu zama a benci ba su sani ba, kuma ba wanda ya taɓa zama ya gaya musu.

Kowa da nasa bayanin hawan jini a lokacin. Wasu sun ce jini ne ya yi wa mutum yawa, sai su fita daga wurinmu su wuce wurin wanzami a yi musu ƙaho a rage. Wasu sun ce ciwon alhazai ne masu tumbi da cin nama. Mafi yawa sun ɗauke shi kamar zazzaɓi: a sha magani kwana bakwai, kai ya daina ciwo, an warke, sauran ƙwayoyin a ba maƙwabci. In ka ce wa mutum wannan maganin har ƙarshen rayuwa ne, sai ya kalle ka kamar ka yi masa mugun baki.

Sai ga shekarar fari. Damina ta yi ƙarya, mutanen karkara suka cika gefen gari da bukkokin tabarma, kamiyo, babbar mota, yana kawo jar dawa ta taimako ana layi tun safe. Kogi ya janye, ya janye, har aka kai inda yara suke ƙetare shi ruwa bai kai musu gwiwa ba. A shekarar in ka ce wa ramammen mutum jininsa ya hau, dariya yake yi. Wata tsohuwa ta nuna mini damtsenta, wanda ɗamarar ta zagaye shi sau biyu da saura, ta ce ɗiyata ina jinin yake balle ya hau.

A shekarar ne Baba Sumana ya zama nawa. Bazabarme ne mai garka a Gamkalley, bakin kogi, yana noman salati da tumatir da karas. Duk Litinin yakan ɗoro kwando bisa keke ya kawo wa matan da ke sarin kayan miya a Kalley, daga nan ya biyo wurinmu. Gajere ne, amma damatsansa kamar an sassaƙa su daga gao, don tun yana yaro yake ɗaukar arozuwa biyu, bokitan ban ruwa masu dogon baki, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Da kogi ya gudu sai suka bi shi, suka haƙa ramuka a cikin yashi, tafiyar da take taki ashirin ta koma taki ɗari uku. Gidansa kuma ya cika da ƴan'uwan da yunwa ta koro daga ƙauye. Ya taɓa ce mini bai san yawansu ba, ya dai san in an sauke tukunya ba a jin maganar kowa. Duk bakunan nan a kan hannuwansa biyu suke.

Ranar da ya ji ni Bagobira ce, shi ke nan. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasan taubasai, ba babba ba yaro. Ya ce ashe baiwarsa aka sa ta yi masa aiki, Allah ya yi wa gwamnati albarka. Na ce ai kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar gero ɗaya, kuma an cuce mu a cinikin. Tun daga nan in ya shigo sai benci ya gyara zama, an san za a sha kallo. Da aka ga jininsa ya hau, Majo ya rubuta masa wata ƴar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, muna ba shi ta wata guda a ƙunshe cikin takarda. Mako biyu ya dawo yana ƙorafi, wai ƙwayar tana sa shi fitsari kamar famfo, shekarar da kogi ya ƙafe Gobirawa suna so shi ma ya ƙafe.

Wata Litinin na auna shi, sha tara. Ya zauna, na sake, sha bakwai. Ya ce a sake faɗa masa. Na faɗa. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya tambaya ko matsawar farko ce ta kore biyun.

Amsar gaskiya ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma benci cike yake, kowa ya zuba mini ido, ni kuma a lokacin in na ga wurin ba da dariya ba na iya wucewa. Na naɗe hannun bulus, farar rigar aikina, na ce, “To da me kake tsammani? Hannun Gobirawa ne. Matsa ɗaya, biyu ta sauka. Da Majo zai bar ni in matsa sau biyar, da jininka ya koma na jariri.”

Aka yi dariya har wata mai tari ta manta da tarinta. Shi ma ya yi. Na ɗauka ya san wasa ne, tunda duk abin da ke fita tsakanina da shi wasa ne. Abin da ban lura da shi ba, wannan wasan ya zo da shaida. Cinikin kakansa ba wanda ya gani. Lambar kuwa ya ji ta da kunnensa, sha tara ta koma sha bakwai, kuma duk Litinin sai ta sake yi masa haka.

Kafin wata biyu na yi suna. Mata suna zuwa daga Gamkalley suna tambayar Bagobira mai hannu. In wata ma'aikaciya ta ɗauko tansiyometir sai su ce za su jira. Ni kuwa har salo na ƙara: in hura tafin hannuna, in matsa da yanga, in saki iska ina girgiza kai kamar mai korar aljani. Salati kuwa na ci a shekarar yunwa har mahaifiyata ta fara tambayar ko wani mai garka ne yake nemana. Majo yana ɗakin allura mafi yawan lokaci, dariya kawai yake ji, ya saba da jin dariya duk inda nake.

Lambar Baba Sumana ta biyu ta fara hawa. Sha bakwai, sha takwas, sha takwas, sha tara. Na kai wa Majo karnen, ya duba ya ga duk ƙarshen wata mutumin yana karɓar ƙunshinsa, bai taɓa fashi ba. Ya ce ƙwaya ɗaya ta yi masa kaɗan, a ƙara masa wata. Muka ƙara. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Mu a wurinmu wanda ya karɓa ya sha. Ba ni ba Majo, ba wanda ya ce masa, da safen nan ka haɗiye ta?

Ranar wata Alhamis da hantsi aka shigo da shi kwance a amalanken jaki. Ɗansa Hamani, magidanci mai ƴaƴa uku, shi ya kawo shi. Ya ce suna tahowa daga ramin ruwa sai arozuwar hagu ta faɗi daga hannun tsohon, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi, sai ƙafar ma ta bi. Bakinsa ya karkace. Hamani ya so ya wuce da shi babbar likita kai tsaye, tsohon ya dinga bugun amalanke da hannun dama har sai da aka juyo da jaki wajenmu. Na auna shi a nan bisa amalanken, tsinke ya wuce ashirin da biyu. Majo yana rubuta takardar tura shi, sai Baba Sumana ya kamo bakin bulus ɗina. Maganar ba ta fita sosai, amma na ji, Majo ma ya ji.

“Bagobira, ƙara matsawa. Sau biyar.”

Majo ya ajiye alƙalami. Bai kalle ni ba. Ya tambayi Hamani ina maganin da muke ba tsohon. Hamani ya ce yana nan lafiya lau, ba abin da ya same shi, Baba yana adana shi a ƙarƙashin gado.

Washegari ya kawo. Babban gwangwanin madara ne, an naɗe shi da tsumma, an ɗaure da igiya. Majo ya buɗe ya juye bisa tebur. Ƙunshi-ƙunshi, na wata da watanni, ko warware su ba a yi ba. Hamani ya ce tsohon ya yi musu bayani tun tuni: tunda hannun yarinyar nan yana aiki, ɓarna ce a sha ƙwaya. Yarinya ce, gobe za a yi mata aure a kai ta Maraɗi, ranar nan ce za a buɗe gwangwani. A shekarar da kowa yake ɓoye tiya ɗaya ta gero saboda abin da gobe za ta zo da shi, shi maganinsa ya yi wa rumbu. Kuma ba shi kaɗai ba, in ji Hamani, akwai mata biyu a unguwarsu da suka koya daga wurinsa.

Na jira Majo ya kore ni. Na ma fara tunanin ta wace ƙofa zan shiga gidanmu. Sai ya tattara ƙunshin ya mayar cikin gwangwani, ya ce, “Ke kika faɗa a gaban benci. A gaban benci za ki kwance.”

Ranar Litinin na tsaya a gaban mutane na ce ƙarya na yi, hannuna ba ya maganin komai, ko tuwo bai iya tuƙawa da kyau ba. Aka yi dariya, aka ɗauka sabon wasa ne. Sai Majo ya juya tsarin: kowa ya zauna minti goma tukuna, ba wanda za a taɓa, sannan a auna shi sau ɗaya. Aka yi. Lambobi suka fito daidai da na biyun da ke cikin karne, ba tare da matsawar farko ba. Na ce to kun gani, zama ne yake saukar da ita. Can wata mata ta shafa katakon da take zaune a kai, ta ce ashe bencin ne. Mako mai zuwa na tarar da tsofaffi uku sun zo sun zauna minti goma sun tashi sun tafi, ko awo ba su tsaya ba. A nan na gane cire ƙarya daga kan mutum ba ya isa, in ba ka sa masa wani abu a gurbinta ba, da kansa zai samo wata.

Wanda ya ba mu abin sawa a gurbin shi ne Baba Sumana. Bayan wata biyu ya dawo, Hamani yana riƙe da shi. Ƙafar ta dawo, bakin ya kusa daidaita, hannun hagu yana rataye a cikin rawani da aka ɗaura masa a wuya. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce in tashi, tun kakanni an san Bagobiri da ƙarya, laifinsa ne da ya saya. Sannan ya ce in gaya masa gaskiya sau ɗaya a rayuwata, mene ne aikin wannan abin matsawar. Na ce dubawa kawai yake yi. Ya ce kamar sandan da suke kafawa a bakin kogi don su ga inda ruwa ya kai. Na ce haka ne. Ya ce sanda bai taɓa rage kogi ba. Ƙwayar fa, har yaushe? Na ce kullum, ko ya ji lafiya. Ya juya wajen benci ya yi musu bayani da Zabarmanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce salatin da ka gani kore shar da safe, don an ba shi ruwa jiya ne. Wanda ya ce ya yi kore, bari in huta da ban ruwa, jibi ba shi da garka. Minti biyu ya yi yana magana. Matan nan biyu na unguwarsu suna wurin, a makon suka kawo nasu ƙunshin daga inda suka ɓoye.

Shekara arba'in da wani abu ina wannan aiki, kuma da maganar salatin nan na ci abinci. Mai sayar da gawayi na ce masa wutar da ba a ƙara mata, direba na ce masa man mota, amma duk daga garkar Gamkalley na samo. Na daina tambayar mutum ko ya karɓi magani. Ina ce masa ya zo mini da abin da yake ajiye shi a ciki, in gani da idona. Kuma ba na barin kowa ya tashi daga gabana sai ya gaya mini da bakinsa abin da yake tsammani yana damunsa. Za ku ji abubuwa. Na'urarku mai maɓalli ta fi tsohon tansiyometir ɗinmu gaskiya nesa ba kusa ba, amma ba ta san abin da ke ƙarƙashin gadon mutum ba.

Hannun Baba Sumana bai dawo ba. Hamani ya bar aikin lebura da yake yi ya karɓi arozuwa biyun, tsohon yana zaune a inuwa yana nuna masa inda ya tsallake. Rabin garkar ya bushe a shekarar, gidan ya ci abin da rabin ya bayar. Baba Sumana ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ya ga kogi ya dawo ya cinye ramukan da suka haƙa. Duk ƙarshen wata yakan zo, ya ajiye gwangwanin bisa teburina, ya buɗe murfin da hannu ɗaya ya kife shi don benci ya ga ba komai a ciki. Sannan ya miƙo damtsen dama ya ce, “Matsa, baiwata. Na san ba ya magani, amma aikinki ne.”

Bayan rasuwarsa Hamani ya kawo mini gwangwanin. Shi ne wannan da kuke ɗibar auduga a ciki, wanda ɗaya daga cikinku ta ce in jefar, wai ya yi tsatsa.